Tambayoyi da amsoshi kan bude rediyon intanet da sayar da waka a yanar gizo

Assalamu alaikum jama'a. Wadannan tambayoyin kusan kullum sai an turo min su, wasu daga mawaka masu tasowa, wasu daga samari masu son bude rediyo a waya, har da 'yan kasuwa masu neman inda zasu sa talla. Na gaji da maimaita sakon murya daya shi yasa na hada su wuri guda, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Malam wai menene rediyon intanet din ma, da me ya bambanta da su Freedom da Rahama?

Gidan rediyon FM sai da na'urar watsawa da doguwar eriya da mita wadda hukumar NBC zata baka, kuma kana yin nisa da gari zaka ji muryar ta fara shashshaka har ta dauke. Na intanet ba ruwansa da duk wannan, kwamfutarka ce ke tura sautin zuwa wata saba, wato wata kwamfuta a intanet da ke rarraba sautin ga masu ji, mai sauraro kuma ya danna linki ya jawo sautin a wayarsa, ko yana Fagge ko yana Agadez ko yana Jidda duk daya ne. Amma a FM ko mutum goma ke ji ko miliyan kudin da gidan ke kashewa bai canzawa, shi kuma mai sauraro batir kawai yake ci, a intanet kuwa duk wanda ya kunna datarsa yake konawa. Wannan shine babban abin da zaka rike, mutumin Kano sai ya ga dalili kafin ya kashe data a kanka. Kuma kada ka manta su Freedom da suka fara tun 2003 da su Arewa Radio da Dala FM suma duk suna intanet yanzu, suna kai tsaye a Facebook, to da su zaka raba masu sauraro ba wai filin babu kowa bane.

Me da me zan saya kafin in fara?

Kwamfuta laftof ko da tsohuwa ce in dai bata mutuwa da kanta, makirfo mai shiga USB, hedifon, in zaka rika gayyato baki sai ka kara 'yar miksa da makirfo na biyu. Layin intanet guda biyu na kamfanoni daban daban, saboda ranar da daya ya yi tsiya ka koma dayan. Sai wuta, wadda ita ce asalin jarin, karamar sola da batir tafi maka janareta nesa ba kusa ba don karar janareta sai ta shiga makirfo komai dabararka.

Manhajar tura sautin akwai Mixxx da BUTT duk kyauta ne, RadioBOSS na kudi ne. Saba kuma yawanci Icecast ko Shoutcast ake amfani da su, in baka son wahalar hadawa da kanka akwai irin su Zeno.FM da zasu baka wuri ka fara. Ka tabbata wurin da ka zaba yana da tsarin da zai ci gaba da kunna shirye-shiryen da ka dora ko ka kashe kwamfutarka, in ba haka ba duk daren da ka yi barci rediyon ma ya yi barci.

Daki kuma ba sai ka kama ofis a titin gidan Zoo ba, daki ciki wanda baya kallon titi ya isa, ka sa labule mai kauri da kafet da soso a bango saboda amsa kuwwa da hon din 'yan adaidaita sahu. Farashi kam bazan rubuta ba, kaje Farm Center ko Beirut ka tambaya da bakinka, kayan nan da dala suke tafiya.

Data nawa abin ke ci?

Wannan lissafi ne mai sauki. In kana watsawa a 128 kbps, wato ma'aunin nauyin sautin da kake turawa duk dakika, awa daya tana cin kusan MB 58, a 64 kusan MB 29, a 32 kuma wajen MB 14. Haka yake ci a wajenka haka yake ci a wajen kowane mai sauraro. Kenan in zaka yi kai tsaye dare da rana a 64 zaka kona kusan GB 21 a wata kai kadai. Mutane da yawa suna sa 128 wai don sauti ya yi kyau, gaskiya bana ganin hikimar hakan a nan, wanda ke ji da sifikar karamar Tecno a cikin kasuwa bazai taba jin bambancin ba, abin da zai ji shine yankewa da kuma datarsa da ta kare. Tunda aka amince wa kamfanonin waya karin kashi 50 a kudin kira da data a farkon 2025 kowa lissafi yake. Ka sa 48 ko 64 da tsarin matse sauti na AAC, in magana ce zalla 32 ma ta wadatar.

Sai na yi lasisi?

Mita ce baka bukata, amma kada wani ya ce maka intanet ba doka. NBC tun 1992 ita ke kula da harkar watsa shirye-shirye, kuma a watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta umarce ta da ta fara ba masu watsawa ta intanet lasisi, don haka in abin naka ya fara girma ka taka da kafarka kaje ofishinsu ka ji matsayinka. Ka yi rijistar sunan kasuwanci a CAC tun da wuri, ba kamfanin kirki da zai tura kudin talla a asusun da ke dauke da sunanka na yanka. In zaka rika sa wakokin mutane akwai lasisin hakkin mallaka, kungiyar MCSN ce ke karbar wa mawaka irin wannan kudin. A nan Kano kuma ga Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, ikonta bai tsaya kan fim ba har mawaka tana bi.

Sannan bakinka da bakin bakonka. Garin nan garin sojojin baka ne, wani zai zo ya biya kudin fili ya zauna ya zagi uban wani ya tashi ya tafi, kai za'a zo nema. Siyasa da addini in baka da karfin tace abin da za'a fada kafin ya fita, ka nada tukuna ka saurara sannan ka saki.

To yaya ina kudin yake a ciki?

Ba a wajen mai sauraro yake ba, ba wanda zai biya ka don ya ji rediyo. Tallan da kamfanonin saba ke cusa maka daga waje shima abin da yake kawowa kan masu sauraron Najeriya kadan ne kwarai, kada ka dora tukunya a kansa. Kudin yana nan cikin gari. Mai shagon atamfa a Kwari, mai kayan masarufi a Singa, makarantar kudi mai neman dalibai, masu kai mutane Umara, masu sayar da fili da gida, matan da ke sayar da kayan daki da turaren wuta daga cikin gida. Akwai daukar nauyin shiri gaba daya, akwai sanarwar daurin aure da saukar karatu da cigiya, akwai daukar taro kai tsaye kamar musabaka ko maulidi ko tafsirin azumi wanda wani attajiri zai biya. Kuma hada musu sautin tallan kansa sana'a ce mai zaman kanta, wani lokacin ma tafi watsawar kawo kudi tunda zasu dauka su sa a sitatus dinsu.

Matsalar ita ce Alhaji zai tambaye ka mutum nawa ke jinka, kuma kai ba kamar FM bane da zasu ce duk Kano na ji, kai lambar tana nan a allo karara, in mutum 17 ne 17 ne. Kada ka yi masa karya. Abin da zaka sayar masa shine su wane ne wadannan mutanen. Rediyon da ke kawo farashin hatsi daga Dawanau kowace safiya ko mutum dari biyu ke jinsa duk 'yan kasuwa ne masu kudi a hannu, na Maradi da na Legas da na Maiduguri, mai sayar da buhu da mai motar daukar kaya zasu biya don su kai ga wadannan. Rediyon da ke sa waka kawai daga safe har dare kuwa, wayar kowa cike take da waka, me zai kawo shi wajenka.

Kuma ka tuna da Hausawan waje, na zangon Kumasi da Akara, na Kamaru, Sudan, Libiya, Saudiyya, da dalibanmu na Turai da Indiya. Su ne FM bata kaiwa, su ne kuma ke kewar gida.

Masu maganin gargajiya zasu zo da kudi a hannu. Wanda ya ce maganinsa na warkar da komai ka bashi hakuri.

Wata nawa kafin in fara cin riba?

Ba mai iya fada maka. In kana da wata sana'a kada ka sake ta.

Ni mawaki ne yaya, ta ina zan bi wakata ta hau Spotify da Boomplay da Apple Music?

Spotify da Apple Music basa karba daga hannunka kai tsaye, sai ta hannun dillali wato kamfanin rarraba waka, irin su DistroKid, TuneCore, CD Baby, Ditto, ONErpm. Wasu kudin shekara suke karba su bar maka abin da wakar ta kawo, wasu kamar CD Baby sau daya zaka biya sai su rika cire kasonsu. Ka karanta da kyau me zai faru da wakokin in shekara ta zagayo baka sabunta biya ba, don wasu saukewa suke. Audiomack kuwa da kanka zaka bude ka dora kyauta, shi yasa yaranmu suka fi yawa a can.

Ka karbi wakar daga sitidiyo a WAV, wato asalin sautin da ba'a matse ba, ba MP3 din da aka turo ta WhatsApp ba, WhatsApp matse sauti yake. Hoton bango murabba'i mai girman 3000 da 3000, ba lambar waya a jiki ba tambarin wani shafi. Kowace waka za'a bata lamba mai suna ISRC, haruffa da lambobi 12 ne, ka rubuta su a littafi ka ajiye don ranar da zaka canza dillali da su zaka kwashe wakokinka ba tare da lissafin sauraron ya goge ba. Sunanka kuma ka tsayar da rubutu daya, yau Abdul gobe Abdool jibi Abdull sai ka wayi gari kana da shafi uku kowanne ba kowa a ciki. Ka dora kamar sati uku kafin ranar da ka sanar zaka saki.

Nawa suke biya duk sauraro daya?

Babu tsayayyen farashi, duk wanda ya baka lamba daya ya ce ita ce kintace yake. Yadda Spotify ke yi shine su tara kudin da suka samu a kasa daga masu biyan wata da talla, su ware kusan kashi biyu cikin uku na masu hakki, a raba gwargwadon yawan sauraron kowa. Tunda kudin wata a Najeriya kadan ne in ka kwatanta da Ingila ko Amurka, sauraro dubu daga Kano bai kai sauraro dubu daga Landan daraja ba. Sai an ji dakika 30 ake kirgawa, kuma tun 2024 wakar da bata kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba ko sisi bata samu.

Spotify sun shigo Najeriya a Fabrairun 2021, kuma sun ce mawakan kasar nan sun samu sama da naira biliyan 58 a wajensu a 2024. Ana ta yawo da wannan lambar tana rudar yara, amma ka tambayi kanka su waye suka kwashi mafi yawa, manyan mawakan kudu ne da ake jinsu a kasashen waje. Mai jin wakar Hausa yafi zama a YouTube da Audiomack da TikTok da Boomplay, wanda shi tun 2015 yake kuma yana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel. Ka dora ko'ina, amma karfinka ka sa shi inda mutanenka suke.

YouTube fa?

A ganina nan ne mawakin Hausa yafi ganin kudi a zahiri. Kafin su fara raba kudin talla da kai sai ka hada mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, daga nan kashi 55 naka ne a dogayen bidiyo, kuma sai kudin ya taru ya kai dala 100 suke turowa. Zasu aiko maka da lambar sirri a takarda ta gidan waya, don haka ka sa adireshin da za'a iya samu, ba bayan gidan mai unguwa ba. Ka nemi dillalinka ya sa wakar a tsarin Content ID, shine ke gano duk wanda ya dora wakarka a tasharsa ya juyo da kudin tallan wajenka, amma da sharadin kidan naka ne na kanka ba wanda aka jawo kyauta a intanet ba.

Kudin ta ina zasu shigo hannuna?

Yawanci ta Payoneer, wani kamfanin karbar kudi daga waje ta intanet, ko asusun dala na banki. Sunan da ke kan asusun dillali da na banki da na NIN dinka su zama iri daya harafi da harafi, kudi da yawa sun makale saboda Muhammad da Mohammed. Zasu sa ka cike fom din haraji na Amurka mai suna W-8BEN, kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka ana cire kashi 30 daga abin da ya fito daga masu sauraron can. Ba sata bace, haka tsarin yake.

Wani ya ce in bashi wakokina zai dora min a asusunsa mu rika rabawa, in bashi?

Dan uwa nan ne aka fi yanka mawakan garin nan, wallahi yafi satar masu turawa ciwo. Duk wanda ya bude asusun da imel dinsa da bankinsa shi kamfani ya sani, shi ke ganin lissafi, shi kudi ke shigar wa, kai sai abin da ya ga dama ya nuna maka a hoton allo. Kamar ka gina gida ne a filin da takardarsa ke dauke da sunan wani. Ana lafiya ba komai, ranar da waka daya ta fashe ko kuka bata sai ka ji ya ce ai shi ya biya kudin dorawa, wani ma har ya sa Content ID ya rufe maka wakarka a tasharka ta kanka.

Ba nace kowa macuci bane, akwai masu yin aikin da amana kuma sun cancanci kasonsu tunda ba kowa ya iya turancin fom din nan ba. Amma asusun ya zama da imel dinka da lambar wayarka, shi ka bashi dama ya shiga ya yi aiki. In dole sai a nasa, to a rubuta: wakoki kaza, kaso kaza, na shekara kaza, zai rika nuna maka lissafi duk wata nawa, kuma in kun rabu zai sauke ya mika maka lambobin ISRC. Ku sa hannu da shaidu, in da hali lauya ya duba.

Haka ma tsakaninka da mutanen sitidiyo. Waka daya tana da masu hakki da yawa, wanda ya rubuta baiti, mai kida, mai amshi, da wanda ya biya kudin aikin. Mun saba a biya mai kida kudin zama a biya yarinyar da ta yi amshi a sallame ta shikenan, ba wanda ya yi maganar abin da zai biyo baya saboda da can babu abin da ke biyo baya. Yanzu akwai. In furodusan fim ya saye wakar, a fayyace fim kawai ya saya ko har da dorawa a intanet. Dokar hakkin mallaka ta 2022 wadda aka sa wa hannu a Maris 2023 ta ce mika hakki sai a rubuce, maganar baki da Allah ya shaida bata isa a kotu ba. Kunyar nan ta kada a ce ka cika son kudi ita ke sa mutane shiru, gara a ji kunyar minti biyar a sitidiyo.

Masu turawa a memori sun kashe mana kasuwa, ya zamu yi da su?

Sun riga sun zama kasuwar ai. Daga kaset aka koma CD lokacin da Kofar Wambai ke tashe, daga nan memori da Bluetooth da Xender suka zo suka share komai, yau yaro zai cika maka waya da waka da kudin da bai kai na kwanon abinci ba. Bazaka iya bin kowace rumfa ba. Ni shawarata ka dauke su masu yi maka talla, ka fara sakin wakar a tasharka ta kwana biyu ta tara kallo tukuna, dama zata isa hannunsu ko ka so ko ka ki.

Sayar da wakar kai tsaye ta shafukan karbar kudi irin Selar ko Paystack ko a turo maka ta Opay ka tura a Telegram yana yi in kana da masoya na gaske, amma ka sani mutum na farko da ya saya shi zai raba wa duniya. Abin da ba'a iya turawa ta Xender shi zaka sayar: wakar amarya da ango da sunansu a ciki, wasan biki da na sallah, wakar kamfani, wakar dan takara in kana yi, sai kiran waya irin Callertunez na MTN. Mafi yawan mawakanmu da wadannan suke cin abinci, intanet ce ke sa a san su har a kira su.

Akwai masu sayar da kallo da sauraro, in saya don in tashi da wuri?

A'a. Na'ura ce ke kunnawa ba mutane ba, kamfanonin suna ganewa, su rike kudin su sauke wakar, wani lokacin dillali ya rufe asusun gaba daya da sauran wakokinka a ciki.

Zan iya sa wakokin su Shata a rediyona ko in dora a tashata tunda sun rasu?

Rasuwa bata kashe hakki. A dokar Najeriya hakkin waka yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999 kaga da sauran tafiya mai nisa. Hakkin na magada ne, sautin da aka nada kuma yana iya zama na kamfani ko gidan rediyon da ya nada. Ka nemi iyalan ku yi magana, ko ba don kotu ba don hakkin marayu.

Dana, ni bana son harkar kida, rediyon zai yi ba waka?

Zai yi Hajiya, har ma ya fi saukin rikici. Karatun malamai da izininsu, shirin girki da tarbiyya da lafiyar mata da kananan yara wanda za'a gayyato ma'aikaciyar asibiti ta gaske, tatsuniya, tarihin unguwanni da kofofin gari, hira da masu sana'a irin marina na Kofar Mata da 'yan Kurmi. Karanta littattafan Hausa yana da masu sauraro sosai musamman mata, sai dai a nemi yardar marubuciyar a rubuce kuma a yanka mata nata kason, don suma an dade ana karanta musu littafi a YouTube ba ko sannu. Ki rika yanka kowane shiri gutsi gutsi na minti uku zuwa biyar kina turawa a guruf guruf na WhatsApp da sunan rediyon da na mai talla a farko, da yawa ta nan zasu ji ki, wasu har abada bazasu danna linkin kai tsaye ba amma mai tallan ya riga ya isa kunnensu.